Kwancin Mai Guga

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani ƙaramin shago, manne da shagon aski. Shekara talatin da huɗu mutum ɗaya yana guga a cikinsa, har sunansa ya ɓace a bakin jama'a, babba da yaro Mai Guga suke ce masa. Da dutsen gawayi yake aiki. Ya ce wutar lantarki baƙuwa ce marar tarbiyya, ba ta sallama in za ta shigo, ba ta sallama in za ta fita.

Ba shi kaɗai yake wuni a shagon ba. Akwai Manaja.

Manaja kaza ce ja, mai tukkun gashi a ka wanda ya karkata gefe ɗaya kamar ɗaurin ɗankwali. A ƙarshen teburin guga take zama. In ya ninke riga sai ta karkata kai ta dube ta da ido ɗaya, kamar mai neman inda aka yi ha'inci, shi ya sa 'yan layin suka laƙaba mata sunan. Ba don ƙwai yake kiwonta ba, ba kuma don nama ba. Matarsa ce ta zo da kaza mai irin wannan tukkun tun farkon aurensu, daga ita zuriyar ta yi ta tafiya, uwa ta bar 'ya, 'ya ta bar jika, ba a taɓa sa wa ko ɗaya wuƙa ba. Shekara huɗu ke nan da matar ta rasu. Ba ta bar masa doguwar wasiyya ba, ita da ma ba mai yawan magana ba ce. Ranar da za a kai ta asibiti ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi kajin, ta ce, "Kada ka bar su da ƙishi." Ba ta dawo ba.

Bara cutar kaji ta ratsa layin kamar wutar kara. Goma sha ɗaya ya binne da hannunsa, Manaja kaɗai ta tsira. Da abin ya lafa, ya je can ƙetaren gari ya aro zakara wurin wani mai kawo masa guga, ya riƙe shi mako biyu ya mayar. Manaja ta zuba ƙwai tara a kwandon da ke ƙarƙashin tebur, ta hau kwanci.

Abu ɗaya take yi da ke ɓata masa rai. Kullum da hantsi sai ta sauka, ta tsallaka titi zuwa gindin famfo, ta yi ta birgima a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta dawo da ƙirji sharkaf ta hau ƙwan.

"Ke dai ba ki da tsafta," yakan ce mata. "Shagon mai guga guda, ki riƙa shigo masa da laka? Uwar ɗakinki ba haka ta koya miki ba."

Ran kwana goma sha uku da fara kwanci, tana dawowa daga famfon, wani mai babur ya sheƙo a guje ya buge ta. Bai ko waiwaya ba.

Mai Aski ne ya fara isa wurin, da aska a hannu. Mutum ne mai ƙiba da baki kamar reza, ga gashin baki da ya yi shekara ashirin yana murza shi da mai, yana ji da shi fiye da yadda yake ji da shagonsa.

"Dattijo, miƙo ta in yanka kafin ta zama mushe!"

Mai Guga, da ya iso ya rungume ta, ya ɗago ya dube shi. Kallo ɗaya. Mai Aski ya ninke askarsa ya sa a aljihu. Kazar ta cika a hannun mai ita. Ya naɗe ta da tsohuwar rigarsa, ya haƙa rami a bayan shago ya rufe ta.

Da ya dawo ya durƙusa ya taɓa ƙwan. Sun fara hucewa.

"Akwai mai kwanci a layin nan?" ya tambaya.

"Wa ya rage da kaza a layin nan in ba kai ba?" in ji Mai Aski daga bakin ƙofa. "Ka yi haƙuri, Dattijo. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Da ma sababbi ne, da mun samo mai da albasa."

"Akwai rai a ciki."

"To sai ka tuɓe ka hau kai."

Mai Guga ya miƙe. Ya ja durowar tebur don ya ɗauko tsumman da zai lulluɓe su. Durowar nan cike take da maɓallan da suka ɓalle daga rigunan mutane, da allurai, da guntun alli. Yana sa hannu ya tsaya cak. Ɗumi. Daidai saman durowar ne ƙarfen da yake ɗora dutsen guga yake, shekara da shekaru zafi na ratsa katakon yana sauka, bai taɓa kula ba.

Mai guga ba ya auna zafi da inji. Kusa da kunci yake kai dutse, kuncin ya gaya masa wannan na siliki ne, wannan na kaki ne. Ya zare durowar, ya zazzage tarkacen a ƙasa, ya sunkuya ya kara kuncinsa a ciki. Ya san ɗumin cikin Manaja, sau nawa ya sa hannu ƙarƙashinta tana saransa. Wannan ya ɗara kaɗan. Ya ƙara ninkin bargo ɗaya a ƙarƙashin ƙarfen, ya jira, ya sake karawa. Ya yi.

Ya shimfiɗa tsumma, ya jera ƙwan tara, ya ɗiga wa kowanne alli a gefe ɗaya don ya san wanda ya juya, ya mayar da durowar ya bar 'yar kafa ta shan iska.

Mai Aski ya yi dariya har da riƙe ƙofa. "Jama'a ku zo ku ga abin da ido bai taɓa gani ba! Wallahi Dattijo, in ɗan tsako ɗaya ya fito daga durowar nan da ransa, ni da hannuna zan aske gashin bakin nan."

"Kun dai ji shi," in ji Mai Guga ga mutanen da suka taru. "Baki shi ke yanka wuya."

Da yamma Auta ta biyo daga aiki. Ita ce ƙaramar 'yarsa, nas ce a ɗakin haihuwa na asibitin gari, kuma ita kaɗai ce a duniya take iya ce masa a'a ya saurara. Ta ji labarin tun daga bakin layi. Ta zauna tana kallon ƙarshen teburin da babu kowa, sannan ta ce, "Baba, gobe in sayo maka 'yan tsaki a kasuwa. Ko ashirin kake so."

"Masu tukkun mahaifiyarki?"

Ta ciro ma'aunin zafi daga jakarta ta sa a durowa. Da ta zaro ta duba, ta dubi uban, ta sake duba ma'aunin.

"Da me ka auna?"

Ya nuna kuncinsa.

"To kuncin nan ya kamata a ɗauke shi aiki a asibiti."

Ta lulluɓa da bargo, ta kunna fitilar wayarta, ta riƙa haska ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Biyu fanko ne, haske ya wuce ta cikinsu kamar kwalba. Bakwai akwai duhu a ciki, duhun kuma yana motsi.

"Bakwai, Baba. Saura kwana takwas. Amma in durowar nan ta huce na rabin yini, shi ke nan."

Nan aikin yake. In an bar dutsen zaune a kan ƙarfen, zafi ya yi yawa. In an sauke shi, durowa ta huce. Abin da ya yi daidai shi ne yadda ake aiki da shi: a ɗauka a goga, a ajiye, a ninke riga, a sake ɗauka. Wato in ana son ƙwan su rayu, dole Mai Guga ya yi ta guga. Da dare yakan binne garwashin cikin toka ya bar dutsen a kai da ɗan sauran zafinsa, ya shimfiɗa tabarma a shagon, yana tashi yana ƙara gawayi. Daga asuba kuwa har faɗuwar rana yana tsaye.

Da can, kafin la'asar ya gama kayan yini. Yanzu in kaya sun ƙare sai ya warware waɗanda ya ninke ya sake bi. Wani malamin makaranta ya zo karɓar wandonsa ya tarar da karin ya yi kaifin da zai yanka yatsa. Da labari ya bazu, matan layin suka fara aiko da labule da zanen gado da rigunan da aka manta da su a ƙasan akwati. Wata ma har da mayafin tebur ɗin da bai taɓa ganin dutse ba. Sau uku a yini yana jan durowa ya juya ƙwan da yatsa biyu, kamar yadda ya ga Manaja tana yi da baki. Ƙafafunsa suka kumbura. Ya yanke bayan takalminsa ya ci gaba.

Mai Aski kuwa bai fasa ba. Kullum da safe sai ya leƙo yana murza gashin baki.

"Ina kwana, uwar kaji? Ya nauyin jiki?"

"Lafiya lau. Ka wasa askar?"

"In kawo maka tsaba ko dusa ka fi so?"

"Ka dai ƙara shafa masa mai, ku yi ban kwana cikin mutunci."

A cikin kwanakin nan akwai abin da Mai Guga yake alfahari da shi a ransa. Durowarsa tsaf take, ƙamas. Kullum sai ya canza tsumman, ya goge sabon da dutse har ya bushe ƙarau kafin ya shimfiɗa. Yana cewa a zuci, ga yadda ake kwanci, ba irin na mai yawon famfo ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ran kwana ashirin da hantsi ya ji ƙara siririya daga cikin tebur. Ya ja durowa. Ƙwai ɗaya ya tsage, ga ɗan baki rawaya yana leƙowa yana kuka. Dattijon da ba a cika ganin haƙoransa ba ya fito bakin ƙofa ya ƙwala kira, "Mai Aski! Fito da kujera!"

Amma azahar ta yi tsagar ba ta ƙaru ba. Kukan ya riƙa raguwa. Kafin Auta ta iso, ya tsaya.

Ta ɗauki ƙwan ta ɓare a hankali. Ɗan tsakon ya cika halitta, komai nasa ya kai, sai dai fatar cikin ɓawon ta bushe ta manne masa kamar takarda, ta ɗaure shi ya kasa juyawa.

"Bushewa ce, Baba," ta ce. "Ko a wurinmu, in ruwa ya ƙare haihuwa wuya take yi."

Mai Aski yana tsaye a ƙofa. Ya juya ya koma shagonsa.

Mai Guga ya zauna a kan benci. Kwana bakwai yana tsaye, sai yanzu ya ji gwiwoyinsa. Saura shida a durowa, kuma abin da ya ci ɗaya yana jiran sauran. Can ya tuna dutse yana zaune a kan ƙarfe, zafi zai yi yawa. Ya miƙe, ya jawo wata farar riga ya shimfiɗa, hannunsa ya tafi da kansa cikin kwanon ruwan da ke gefen tebur, ya tsoma yatsu zai yayyafa.

Sai ya tsaya, ruwa na ɗiga daga yatsunsa.

Shekara talatin da huɗu bai taɓa ɗora dutse a kan busasshen yadi ba. Ɗan koyo na kwana ɗaya ma ya san wannan: zafi ba ruwa ƙuna ne. Ya tuna ƙirjin Manaja sharkaf, ya tuna faɗan da yake mata. Ashe ba ƙazanta take yi ba, aikinta take yi, shi ne bai san aikin ba. Ya kuma tuna matarsa tsaye a bakin ƙofa da kalmominta shida.

"Auta," ya ce. "Da ƙishi na bar su."

Ya zuba ruwa a gwangwani ya ɗora a kan dutsen har ya yi ɗumi, ya gwada a kunci. Ya ja durowa, ya yayyafa da kan yatsu, yayyafin da yake wa siliki, wanda ba ya barin tabo. Auta ta ce a sa jiƙaƙƙen tsumma a kusurwa, a riƙa canzawa, kuma a daina yawan buɗewa. Suna neman tsumma mai riƙe ruwa sai ga Mai Aski ya shigo da ƙananan tawul shida na shagonsa, ya jibge a kan benci.

"Ba don kai ba," ya ce. "Don marayu."

"Ka san abin da kake jawo wa gashin bakinka?"

"Na sani. Kada ka tuna mini."

Washegari ranar hutun Auta ce, tun da sassafe ta zo. Rana ba ta gama fitowa ba na farko ya fasa, ya zagaye ɓawon da baki kamar mai yanka wuyan riga, ya tura ya faɗo jiƙe. Kafin hantsi na biyu da na uku. Kafin azahar biyar suna cikin kwandon uwarsu, a kan tawul ɗin Mai Aski, sun bushe sun zama kamar auduga. Layin ya cika da mutane, har masu jiran mota daga tasha suka leƙo.

Mai Guga ya ɗauki kowanne ya shafa kansa da babban yatsa. Sumul. Sumul. Duka biyar kan zakaran aro suka ɗauko, babu tukku. Ya gode wa Allah a fili, amma Auta ta ga yadda ya dubi durowar.

Na shidan ya tsage tun safe, bai ƙara komai ba. Daidai irin na jiya. Mai Guga ya duba, ya rufe, ya sake dubawa. Can ya sunkuya ya tsinci allura cikin tarkacen maɓallai.

Auta ta riƙe wuyan hannunsa.

"Sake ni. Jiya ina kallo ɗaya ya mutu."

"Na jiya ƙishi ne. Wannan hutawa yake. Dubi fatar, da laushinta, ga jijiyoyin jini ba su janye ba. Ka taɓa shi yanzu, jini zai zuba ya tafi."

"Ke yaushe aka haife ki?"

"Baba, guga naka ne, ban taɓa gaya maka yadda za ka riƙe dutse ba. Haihuwa tawa ce. A ɗakina ba a jan yaro kafin lokacinsa. Rufe durowar ka ba shi zafi."

Ya dube ta. Idon uwarta ne sak, da yadda take ɗaure baki. Ya ajiye allurar.

Kaya sun ƙare a shagon, ko hankici babu. Ya dubi taron ya ce, "Mai Aski, tuɓe rigarka."

"Ni? A gaban jama'a?"

"Tuɓe."

Haka Mai Aski ya zauna a benci daga shi sai singileti, ya rungume tumbinsa, ana ta yi masa dariya. Mai Guga ya yayyafa, ya goge, ya ninke, ya warware, ya sake yayyafawa. Sau bakwai rigar nan ta sha dutse. Bai ja durowar ba ko sau ɗaya, ko da yake kowane ajiye dutse sai hannunsa ya nufi wajen ya dawo da shi. Garaje ba ƙarfi ba ne, amma wanda bai taɓa jira ba bai san nauyin maganar ba.

Gab da la'asar aka ji kuka daga cikin tebur, mai ƙarfi, na masifa, kamar na wanda aka daɗe ana ɓata wa lokaci. Auta ta gyaɗa kai. Ya ja durowa.

Yana kwance tsakanin ɓawo biyu, jiƙe, ja-ja, yana harba ƙafa. A tsakiyar kansa akwai ɗan tudu kamar ƙwayar wake. Mai Guga ya ɗauke shi a tafin hannu, ya matsa kusa da ɗumin dutse, ya tsaya. Gashin ya riƙa bushewa yana tashi, yana tashi, har na kan tudun ya miƙe, sannan ya karkata gefe ɗaya.

Auta ta rufe baki da hannu. "Ɗaurin Mama," ta ce.

Mai Guga ya fito bakin ƙofa da takalminsa yankakke, ya ɗaga hannun sama yadda na bayan taro zai gani. "Zakaran da Allah ya nufa da cara," ya ce, "ko ana muzuru ana shaho sai ya yi!" Layin ya ɗauki sowa, wani direba a tasha ya danna ham bai ma san dalili ba.

A cikin hayaniyar Mai Aski ya zari rigarsa zai sulale. Matan layin suka tare ƙofa.

"Haba jama'a, wasa fa nake! Shekara ashirin! Matata ba za ta gane ni ba!"

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji Mai Guga. "Ɗan tsako ɗaya ka ce. Ga shida. Ka gode Allah ban ce har gira ba."

Aka fito da kujerar askin tsakiyar layi, aka riƙe masa madubi. Ya shafa kumfa, ya yi salati, ya ja aska. Da leɓen ya bayyana fari fat kamar ɓararren ƙwai, shi kansa sai da ya fashe da dariya, ya ce to ai sai a ba shi ɗaya daga cikin biyar ɗin ya riƙe, tunda a kan tawul ɗinsa suka bushe. Mai Guga ya ce sai ya ga hankalinsa tukuna.

Ya bar su da shewarsu ya koma ciki. Karo na farko cikin kwana takwas ya juye garwashin dutsen a kasko, ya bar tebur ya huta. Ya ɗauko murfin kwalba, ya wanke, ya cika da ruwa. Ya ɗora mai tukkun a ƙarshen tebur, wurin zaman Manaja, ya tsoma masa baki a ruwan a hankali.

Ɗan tsakon ya ɗaga kai sama ya haɗiye. Sannan ya karkata kai, ya dubi tulin kayan da aka ninke da ido ɗaya.

"Duba da kyau, Manaja," in ji Mai Guga. "Ba za ki samu ha'inci ba."